Kafin a Yarda da Koriyar Fitila: Saita Na'urorin Jin Jijjigar Inji Marasa Waya

A shekarar 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka miƙa wa ma'aikatar tsaron Amurka wani rahoto da ya rikita lissafin masu gyaran injuna. Kafin nan abin da kowa ya ɗauka shi ne tsufa ke kashe kayan inji, don haka dabara ita ce a riƙa ƙirga awanni, in wa'adi ya cika a kwance a sauya. Su kuwa da suka bi tarihin kayan jirage sai suka tarar kashi 11 cikin ɗari ne kawai lalacewarsu ke bin shekaru. Sauran kashi 89 ba ruwansu da kalanda, wasu ma kwancewar da aka yi musu ce ta jawo musu ciwo.

To in kalanda ba ta san ranar da inji zai tsaya ba, sai a tambayi injin. Duk abin da ke juyi, moton lantarki ne, famfo ne, fanka ce ko giyabos, yana jijjiga, kuma jijjigar takan sauya makonni ko watanni kafin ya ɗau zafi, ya fara ƙara, ya tashi hayaƙi. Tsofaffin makanikai sun daɗe da sanin haka. Za ka ga mutum ya dafa bakin sukundireba a gidan boris, ya manna ƙotar a bayan kunnensa, ya lumshe ido, ya ɗago ya ce wannan ba zai kai sallah ba. Daga baya aka samu na'urar hannu da ma'aikaci ke zagayawa da ita sau ɗaya a wata. Manyan injuna kuwa aka ja musu waya ta dindindin har ɗakin kula, aikin da sau da yawa kuɗin wayar da bututunta da ladan masu ja ya ninka na na'urar kanta. Aka bar ɗaruruwan ƙanana da matsakaitan injuna a tsakiya: ba su kai a ja musu waya ba, amma in ɗaya ya tsaya, layi guda ya tsaya. Don su aka yi na'urar jin jijjiga marar waya, 'yar aba da ba ta cika tafin hannu ba, da batir da rediyo a cikinta, tana auna jijjiga da zafi tana aikawa.

Masu sayar da ita sukan ce liƙa ka manta. A nan nake da ja. Saitin da ya fito da ita daga masana'anta an yi shi ne don wani inji na gama-gari da babu shi a ko'ina. Bai san gudun injinka ba, bai san boris ɗin da ke ciki ba, bai san ko yana aiki dare da rana ko sai an kawo wuta ba. Na'urar da ba a saita ta da kyau ba kuwa ba shiru take yi ba, koriyar fitila take nuna maka, ka saki jiki, ka janye makanikin da ke zagaye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Asalin wahalar guda ce: abu uku ne ke jan zare ɗaya. Kana son jin komai filla-filla, kana son batir ya yi shekaru, kuma rediyon da ke ciki ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Duk abin da ka ƙara wa ɗaya, daga aljihun sauran biyun ka ciro. Saiti dai ciniki ne, kuma wanda bai san abin da ya zo saya ba shi ake cuta.

Saboda haka aiki yana farawa ne da takarda da biro, tun na'urar tana cikin kwalinta. A bi injuna ɗaya bayan ɗaya a karanta farantin da ke jikinsu: ƙarfin kilowat nawa, juyi nawa a minti, wane lambar boris, haƙora nawa a giya, fukafukai nawa a fanka. A kuma ware waɗanda ba na wannan na'ura ba ne. Tabain da manyan kwamfaresa na matatun mai, waɗanda ke iya tarwatsewa cikin daƙiƙu, kariyarsu ita ce tsarin waya mai kashe inji da kansa, irin wanda ƙa'idar API 670 ta shimfiɗa. Na'urar da ke farkawa sau ɗaya a awa ba ta wannan aiki. Haka injin da shaf ɗinsa ke kwance a kan fatar mai ba a kan ƙwallaye ba: motsin shaf ɗin ba ya isowa jikin gida sosai, sai da ma'aunin da ke kallon shaf kai tsaye, irin wanda kamfanin Bently Nevada ya yi suna a kai. Inda marar waya ta fi amfani shi ne moto, famfo da fanka masu boris na ƙwallo ko na gangare, kuma nan ne ciwon yake: binciken da hukumomin IEEE da EPRI suka yi a Amurka a shekarun 1980 ya nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na lalacewar motocin lantarki daga boris take.

Sai wurin liƙawa, wanda shi aka fi rainawa, shi ne kuma babu wata manhaja da ke gyara shi in an ɓata. Jijjigar boris tana raunana duk lokacin da ta tsallaka daga wani ƙarfe zuwa wani, don haka na'urar tana son ƙarfe mai kauri, kusa da boris, a gefen da nauyi ke dannawa. Murfin fankar bayan moto shi ne wurin da hannu ya fi saurin kaiwa, shi ne kuma mafi muni, don siririn kwano ne mai rawar kansa. Mariƙin bel ma haka. Mafi kyawun ɗauri shi ne a huda, a yi zare, a ɗaure da kusa a kan shafaffen wuri. Mai bi masa shi ne a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a goge mai, a liƙa ɗan faifan ƙarfe da gam mai ƙarfi, a bar shi ya bushe, sannan a ɗaura na'urar a kai. Maganaɗisu yana da daɗin aiki, amma daga wajen kaɗi dubu biyu a daƙiƙa zuwa sama ba a cika dogara da abin da ya kawo ba, kuma can sama ɗin ne boris ke fara kuka. Ga shi kuma mai shara na iya ture shi ya mayar a karkace. Wannan karkatar ba ƙaramin abu ba ce, domin yawancin na'urorin suna auna fuska uku: kwance, tsaye, da kuma tsawon shaf. In wanda ya liƙa ya juya ta, manhaja kuma ba a gaya mata ba, jijjigar tsawon shaf, wadda ke nuna moto da famfo ba su daidaita ba, za ta fito a matsayin ta kwance, a tafi neman rinjayen nauyi inda babu. Shawarata kullum ita ce a ɗauki hoton kowace na'ura a wurinta, a rubuta lambarta da fenti a jikin injin.

Yanzu ga inda lissafi yake. Ana ƙirga jijjiga da Hz, wato sau nawa abu ya kaɗa a daƙiƙa guda. Na'urar tana ɗaukar motsin na 'yan daƙiƙu, sai a bi ta kansa da lissafin FFT, wanda James Cooley da John Tukey suka yaɗa a 1965, a rarraba shi a fitar da taswira mai nuna wane kaɗi ne ya fi ƙarfi. Kowace cuta da gurbinta a taswirar. Ɗauki moto mai juyi 1,480 a minti, irin wanda ya cika masana'antun da ke kan wutar Hz 50. Juyinsa ɗaya yana faɗawa wajen Hz 24.7. In nauyi ya rinjaya gefe guda, misali ƙura ta daskare a fiffiken fanka, wannan gurbin ne zai yi tsiri. In shaf biyu ba su daidaita ba, ninki biyunsa zai taso. In noti ya saki, sai ka ga jerin tsiraye, ninki uku, huɗu, biyar. Boris kuwa ba ya faɗawa a kan cikakken ninki. Mai lamba 6205 na kamfanin SKF, mai ƙwallaye tara, in zoben wajensa ya sami tabo yakan buga sau 3.58 a kowane juyi, na ciki kuma sau 5.42, wato wajen Hz 88 da Hz 134 a wannan moto. In ba a shigar da lambar boris da ainihin gudun inji a manhaja ba, waɗannan tsiraye suna nan a gabanka amma babu mai kiran sunansu.

Abu biyu ake zaɓa a nan: rufin taswira, da yawan layukanta. Rufi shi ne Hz mafi girma da za a saurara. Yawancin saitin gama-gari yana tsayawa a 1,000. Ga fanka da famfo wannan ba laifi. Amma giya mai haƙora 30 a kan shaf ɗin nan namu tana cizo sau 740 a daƙiƙa, kuma masu aikin sukan so ganin har ninki uku na wannan da ɗan ɗori, wato wajen 2,400. Rufin 1,000 zai nuna maka ƙasa da rabin labarin. A ƙasa ma akwai tarko. Na'urori da yawa suna yanke duk abin da bai kai Hz 10 ba, wato juyi 600 a minti. Shaf ɗin da ke juyi 60 a minti, kamar na wasu injunan jan kaya da na gauraye, Hz ɗaya kacal yake bayarwa, an share shi tun kafin a fara. Ga injuna masu nawa irin haka sai an sauke ƙasan, an tsawaita lokacin ɗauka, an kuma tabbatar ƙwayar da ke cikin na'urar ba mai yawan hayaniyar kanta ba ce. Mafi yawan marasa waya ƙwayar MEMS suke amfani da ita, dangin wadda ke juya hoto a wayar hannu. Sun inganta ƙwarai, har akwai irin ADXL1002 ta kamfanin Analog Devices mai kaiwa Hz dubu 11, amma masu araha da yawa ba su kusa da haka. A karanta takardar bayanin kafin a biya kuɗi.

Layuka kuwa su ne kaifin ido. In ka raba rufi da yawan layuka, ka sami faɗin kowane layi. Rufin 1,000 da layi 800 yana ba da Hz 1.25. Ga misalin da ya sa wannan ya zama abin damuwa. Moto mai juyi 2,970 a minti, ninki biyun juyinsa Hz 99 ne. Matsalar lantarki kuma, kamar tazarar da ba ta daidaita ba tsakanin abin da ke juyi da gidansa, tana fitowa a ninki biyun wutar layi, wato Hz 100. Tsakaninsu Hz ɗaya. Da layi 800 za su narke su zama tsiri guda, a tura makaniki ya yini yana daidaita shaf alhali aikin na mai lantarki ne, an bar jaki ana dukan taiki. Da layi 3,200 sai su rabu sarai. Amma duba farashin: ɗaukar da take ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta koma daƙiƙa 3.2, ɗigon bayanai daga 2,048 sun koma 8,192, wato wajen kilobait 16 a fuska ɗaya, ninki uku in fuska uku ne. Rediyon da tsarin sadarwa na WirelessHART da ISA100 ke hawa, mai aiki a kan gigahaz 2.4, ƙunshinsa ɗaya ba ya wuce bait 127 har da adireshi. Ko da an cika kowanne maƙil sai an yi kusan 130, a zahiri kuma ya fi haka nesa. A wani tsarin sadarwar mai suna LoRaWAN, in an yi nisa har ta sauka zuwa mafi jinkirin gudunta, bait 51 ne ƙunshi, fiye da saƙo 300 ke nan. Kowane saƙo kuwa batir yake sha.

Mafitar da ta fi ma'ana ita ce a raba aikin gida biyu. 'Yan alƙaluma kaɗan, wato jimillar jijjiga, kololuwar bugu da zafi, a riƙa aika su a kai a kai, ko kowace awa ko ƙasa da haka. Cikakkiyar taswira kuma sau ɗaya a rana ko a 'yan kwanaki, tare da umarnin cewa in alƙaluman sun haura, a ɗauko ta nan take. Cikin alƙaluman nan lallai a kunna na bugun boris, wanda SKF ke kira gE, Emerson kuma PeakVue. Tabon farko a boris ba ya girgiza inji, ɗan ƙyas-ƙyas ne mai kaifi can a dubban Hz, kuma jimillar jijjiga ba ta ko motsawa sai ciwo ya yi nisa. Dabarar ita ce a tace manyan kaɗi a zubar, a saurari sau nawa ƙyas ɗin ke maimaituwa. Wanda ya kashe wannan don tattalin batir ya sayi na'urar boris ya toshe mata kunne.

Lokacin awo ma sai an yi tunani. Na'urar tamkar mai gadi ce da ke farkawa da agogo, ya leƙa sau ɗaya ya koma barci. In famfo yana aiki minti goma a awa, sau da yawa zai leƙo ya tarar da shi a tsaye, ya rubuta lafiya lau. Don haka ake sa mata ƙa'idar cewa kada ta ajiye awo sai jijjiga ta kai matakin da ke nuna inji na aiki, wasu kuma suna jin maganaɗisun moto su gane ya tashi. Injin da ake sauya wa gudu da inbata ya fi wuya, domin duk gurabun da muka lissafa suna tafiya da gudun. Ko dai a ba manhaja gudun daga ɗakin kula, ko a riƙa kwatanta awon da aka yi a gudu ɗaya kawai. A masana'antun Najeriya, irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, akwai ƙarin abin lura: inji yakan wuni rabi a wutar layi, rabi a janareta. In wutar ta sauka daga Hz 50 zuwa 49, gudun moto ya ragu da kashi biyu cikin ɗari. A gurbin juyi ɗaya wannan rabin Hz ne, amma a cizon giyar nan ta 740 kusan Hz 15 ne. Wanda ya matse tagar sa ido da yawa, tsirin zai fice masa ta gefe. Zafi kuma yana cin batir. Shekaru uku ko biyar da ake rubutawa a kwali an lissafa su ne a yanayi mai sanyi da awo jefi-jefi, ba a jikin moto mai ƙuna a watan Afrilu ba.

Batun rediyo ba sai an tsawaita ba. Masana'anta dajin ƙarfe ce, nisan da aka auna a fili ba ya aiki a cikinta. A ɗaga akwatin da ke tara saƙonni sama, a gwada ƙarfin sigina a kowane inji lokacin da ake aiki da ƙofofi a rufe, a ba shi batirin ko-ta-kwana don ɗaukewar wuta. A tsarin da na'urori ke miƙa wa juna saƙo, wadda ta fi kusa da akwatin ita ke ɗaukar kayan kowa, batirinta ke fara mutuwa. A tambayi mai kawowa ko zangon rediyon ya dace da dokar ƙasa, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da na Turai ba zango ɗaya suke ba. Wurin da ke da gas ko ƙurar fulawa kuwa sai na'ura mai shaidar ATEX ko IECEx.

Ƙararrawa ita ce inda yawancin ayyukan nan ke mutuwa. Akwai ƙa'idar ISO 10816, wadda ISO 20816 ta gada, da ta raba jijjiga zuwa matakai huɗu, A zuwa D, da ma'aunin milimita a daƙiƙa. Ga matsakaicin inji mai kilowat 15 zuwa 300 a kan daɓe mai ƙarfi, ƙasa da 1.4 kamar sabo yake, har 2.8 ba damuwa, daga nan zuwa 4.5 a fara shirin gyara, sama da haka ɓarna ce. In gindinsa mai lanƙwasa ne, iyakokin sun koma 2.3, 4.5 da 7.1. Abin da ake yi shi ne a kwafe 4.5 a liƙa wa kowane inji a tafi. Sai injin niƙa da tun ranar da aka kafa shi yake bayar da 5 ya yi ta ihu kullum, har mutane su daina duba saƙon. Shi kuma famfon da ya saba da 0.8, ya ninka uku ya kai 2.4, babu wanda ya ji, alhali shi ne mai ciwon. Ƙa'idar kanta ba haka ta ce ba. Ta ba da shawarar a fara sanin jijjigar da inji ya saba yi lokacin da yake lafiya, sannan a ɗora rubu'in iyakar matakin B a kai. Ga rukunin da muka ambata rubu'in 2.8 shi ne 0.7, don haka famfon nan gargaɗinsa ya kamata ya tashi a 1.5. Wannan yana nufin makonnin farko na sauraro ne kawai, cikin kaya mai nauyi da marar nauyi, rana da dare. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, musamman ga manhajojin da ke koyo da kansu: in aka liƙa na'ura a inji mai ciwo, ciwon za ta haddace a matsayin lafiya. Gara a sa ƙwararre ya auna da na'urar hannu tun farko. A kuma sa sharaɗin cewa sai awo biyu ko uku a jere sun haura kafin a buga, don kada guduma da ta faɗi kusa ta tashi injiniya tsakar dare.

In ta buga, wa zai ji, me kuma yake da ikon yi? Ranar 17 ga Agustan 2009, a tashar wutar ruwa ta Sayano-Shushenskaya a Rasha, tabain na biyu ya tumɓuke murfinsa, ruwa ya cika zauren, mutum 75 suka rasu. Binciken hukuma ya nuna injin ya daɗe yana jijjiga fiye da ƙima, kusoshin da ke riƙe murfin sun gaji sun tsattsage, kuma ana ganin alƙaluman, ba a tsayar da shi ba. Famfon masana'antar lemo ba tabain ba ne, amma tambayar ɗaya ce. Kowane matakin gargaɗi yana bukatar sunan mutum da wa'adi: rawaya, wane ya je ya duba ya sa giris cikin kwana biyu, ja, wane yana da ikon tsayar da layi ko da manajan samarwa zai ɓata rai. Ana kuma bukatar aƙalla mutum ɗaya da ya iya karanta taswira. Ƙa'idar ISO 18436-2 ta tsara horon wannan fanni mataki huɗu, kuma mai mataki na biyu ya isa ya riƙe matsakaiciyar masana'anta. A ganina kuɗin horar da shi ya fi ƙarin na'ura ashirin amfani.

A duba kuma inda bayanan ke kwana. Da yawa daga cikin tsare-tsaren nan a rumbun kamfanin da ya sayar suke ajiya, da kuɗin shekara-shekara a dala. Amazon ta fito da nata mai suna Monitron a ƙarshen 2020, ta rufe ƙofa ga sababbin masu saye a ƙarshen Oktoban 2024. In babba irin wannan zai iya janyewa, ƙarami ma zai iya. A sa a cikin yarjejeniya cewa za a iya kwashe ɗanyen bayanai a duk lokacin da aka so, a kuma san abin da zai faru in intanet ta yanke kwana uku: na'urar tana ajiyewa ne ko zubarwa take.

Saiti kuma ba ya ƙarewa ranar da aka kafa. Duk lokacin da gargaɗi ya sa aka sauya boris, kada a jefa tsohon a kwandon gwangwan. A wanke shi da kananzir, a yanka zoben, a duba a haske. In an ga tabo a zoben waje kamar yadda taswira ta ce, iyakar tana kan hanya. In an tarar ya ragargaje, gargaɗin ya makara, a sauke iyakar. In kuwa sumul yake, a koma a nemi abin da ya buga. Bayan gyaran a share tsohon ma'aunin lafiya a ɗauki sabo, a kuma gyara lambar boris a manhaja in wanda aka samu a kasuwa na wani kamfani ne, domin lamba ɗaya ba lallai ta zo da ƙwallaye adadi ɗaya ba.